Yadda Za Ka Buɗe Hanyoyin Ƙarƙashin Ƙasa a Assassin's Creed III Ba Tare da Ka Ɓata Ba

Aikin da ke gabanka yana can ƙuryar arewacin Boston, kai kuma kana kudu wajen ƙofar gari. Tituna cike suke da sojojin Ingila masu jajayen riguna, rufin gidaje ma akwai masu gadi da bindiga, kana hawa su hango ka. Doki kuwa a cikin gari sai haƙuri, nan ya maƙale a shinge, can ya ture mai talla. Duk wanda ya buga Assassin's Creed III ya san wannan gajiyar. Maganinta yana ƙarƙashin ƙafarka, a ramukan da suka ratsa Boston da New York, amma da yawan 'yan wasa sau ɗaya suke leƙa su, duhu ya ishe su, su fito ba su sake komawa ba.

Ni a ganina asara ce babba. Ramukan nan ba su da wahala, rashin tsari ne ke sa su yi wa mutum tsawo. Idan ka shiga da tsari, kuma ka shiga da wuri, abin da ka kashe na lokaci zai dawo maka ninki kafin labarin ya kai rabi.

Abin da ya bambanta su da na baya

Wanda ya zo daga Assassin's Creed Brotherhood na 2010 zai zo da wani zato. A can birnin Rum, zamanin Ezio Auditore, jarumin wancan wasan, kuɗi ne ke buɗe hanya: ka ƙona hasumiyar abokan gabansa 'yan gidan Borgia da ke riƙe da unguwa, ka biya kuɗin gyaran bakin ramin, shi ke nan. In ka shiga sai taswira ta fito, ka zaɓi inda za ka ɓulla. Cikin ramin ba ka ganinsa ma. A Revelations na 2011, a Istanbul, ma shiga nan fita can ne.

Da Ubisoft ta fitar da Assassin's Creed III a ƙarshen Oktoban 2012 sai ta juya abin. Kuɗinka ba ya buɗe ƙofa ko ɗaya. Sai ka sauka da ƙafarka, ka bi duhu, ka gano kowace mafita daga ciki. Ƙofofin suna nan a sama, masu kama da murfin ɗakin ajiya na ƙasa a gefen gini, amma ko ka tsaya a kansu ba za su buɗe maka ba matuƙar ba ka taɓa fitowa ta cikinsu ba. Akwai wajen goma a kowane birni. Wanda aka sabunta a 2019 don PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta da Switch ma yana ɗauke da ramukan, don haka wannan jagorar za ta yi maka aiki ko wanne kake bugawa.

A labarin wasan, 'yan ƙungiyar asiri ta Firimesin (Freemasons) ne suka haƙa su. Masu wasan ba daga sama suka ɗauko wannan ba. Mashayar Green Dragon da ke Boston, wadda ɗaya ce daga bakunan ramin, a tarihi mallakar wani reshen ƙungiyar ce, kuma a nan masu adawa da mulkin Ingila irin su Paul Revere da Joseph Warren suke haɗuwa. Unguwar arewacin Boston kuma ta daɗe da labaran ramukan 'yan fasa-ƙwauri da ke zuwa bakin ruwa. Amma saƙar hanyoyi da ta mamaye ƙasan gari gaba ɗaya, wannan ƙirƙirar wasa ce, kar ka ɗauke ta tarihi.

Yaushe za ka fara

Babi uku na farko da Haytham Kenway kake wasa, ba da Connor jarumin wasan ba, kar ka wahalar da kanka da neman rami a lokacin. Sai a babi na 5, bayan Connor ya iso Boston ya tarar da kisan da sojojin Ingila suka yi ranar 5 ga Maris 1770, aka ɗora masa laifi, gari ya ɗauki zafi. A nan Samuel Adams, ɗaya daga jagororin masu adawa da mulkin Ingila, ke koya masa yage takardun cigiya da toshe bakin masu shela, sannan ya saukar da shi rami. Wannan saukar ta farko koyarwa ce. Ka natsu a cikinta, domin duk abin da za ka yi daga baya an nuna maka ɗanɗanonsa a nan: fitila, kunna fitilun bango, buɗe kwaɗo.

Da zarar babi na 5 ya ƙare, Connor ya sa rigarsa, an sake maka mara ka yi yawo yadda kake so, to lokacin Boston ya yi. Kar ka ce sai ka gama labari. Wanda ya bari sai ƙarshe ya buɗe hanyar da ba shi da sauran inda za shi da ita. Yawancin zirga-zirgar Boston a babi na 6 da na 7 take, lokacin zubar da shayi a teku na Disamba 1773 da farkon yaƙin neman 'yancin Amurka a 1775, ga kuma ayyukan 'yantar da unguwanni da tsintar shafukan almanak da akwatuna.

Kafin ka sauka, ka yi ɗan shiri. Ka shiga saitin wasan ka ƙara hasken allo. Wannan ba ha'inci ba ne. An tsara duhun ne don wanda ke zaune a ɗaki mai labule, kai kuwa in da rana kake bugawa, hasken taga na dukan talabijin, rabin lungunan ba za ka gan su ba. Ka tabbata bindigarka da harsashi, za ka buƙace ta. Ka kuma tabbata girgizar hannun gem a kunne take, saboda kwaɗuna. Sannan ka sauke zafin da ke kanka a gari, ba a shiga rami ana tsaka da bin ka. In wuta ba ta da tabbas a wajenku, ka tsara zamanka mafita-mafita, ba ka ce sai ka gama birni a zama ɗaya ba. Kowace ƙofa da ka buɗe ka fita ta zama taka, ko an ɗauke wuta bayan nan ba ka yi asara ba.

Fitila ita ce alƙalaminka

Kana sauka za ka ga fitilar hannu a kusa da bakin shiga. Ɗauke ta. Tana rage maka sauri, kuma ba a hawa bango da ita, shi ya sa masu gaggawa ke yar da ita tun a kwanar farko. Su ne kuma za ka ji suna cewa ramin ba ya ƙarewa.

Amfaninta ya wuce haska gabanka. A jikin bangon ramin akwai fitilu a kashe, jefi-jefi. Duk wadda ka wuce, ka kunna ta. Abin da kake yi rubutu ne a jikin hanya: inda ke da haske ka bi, inda ke duhu ba ka bi ba. Lungunan nan duk kamarsu ɗaya, bulo ne da katako da ruwa a ƙasa, kamar layukan Kasuwar Kurmi ga baƙon da ya shiga ran farko, kowace kwana sai ya rantse ya taɓa wuce ta. In ka zo mararraba ka ga reshe ɗaya na ci da wuta, biyu na duhu, ba sai ka buɗe taswira ba, ka san inda ya rage.

Ga ƙa'idar da nake bi a mararraba, kuma ita ce ƙashin bayan wannan aikin duka. Ka zaɓi hannu ɗaya, dama ko hagu, ka riƙe shi. In dama ka zaɓa, kowace mararraba ka bi reshen dama har ya ƙare, ko a ƙofa ko a bango. In ya ƙare, ka dawo mararraba ta ƙarshe da ke da reshe mai duhu, ka shiga shi. Kar ka tsallake reshe da niyyar za ka dawo masa, domin ba za ka tuna ba. Kuma kar ka kunna fitilar bakin reshen da ba ka shiga ba, ko da tana kusa da hannunka. Ka kunna ta, ka yi wa kanka ƙarya, gobe za ka wuce wajen kana zaton ka gama da shi. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ke sa mutum ya buɗe tara ya rasa ta goma.

Sauran abokan tafiya biyu ne. Na farko ganin mikiya, wanda wasan ke kira Eagle Vision. Ka riƙa kunna shi a kowace babbar mararraba, za ka ga kibiyoyi da alamu a bango waɗanda ido ba ya gani haka kawai. Ka duba, ka kashe, ka ci gaba, domin tafiya da shi a kunne na ƙara duhunta gefe. Na biyu ɓeraye. In ka ga sun ruga wani ɓangare, bi su, galibi wajen mafita suke nufa. Sai dai ɓera mafita mafi kusa ya sani, ko da wadda ka riga ka buɗe ce, don haka in shawararsa ta saɓa da ta fitilunka, bi fitilu.

Taswirar ramin tana buɗewa ne gwargwadon inda ƙafarka ta taka. Bayan kowace mafita ka buɗe babbar taswira ka duba bakin inda haske ya tsaya. Layin da ya yanke ba tare da ya kai bango ba, hanya ce da ba ka ƙarasa ba. Ka kuma riƙe siffar garin na sama a ranka. In duk ƙofofin da ka buɗe suna tsakiya da arewa, ka san abin da ya rage yana kudu, sai ka nemi reshen da ya nufi can.

Abubuwan da za su tare ka

Kwaɗo shi ne mafi yawa. Irin buɗewar da ake yi wa akwatuna ce. Ka juya analog ɗin hagu a hankali har ka ji girgiza, ka tsaya cak a nan ka riƙe. Ka juya na dama shi ma har ya girgiza, ka riƙe. Sannan ka yi ta latsa maɓallin da aka nuna maka da sauri har kwaɗon ya karye. Inda ake faɗuwa shi ne wajen latsawar: hannu na rawa, babban yatsa ya zame daga inda ya tsaya, komai ya koma farko. Ka dafe hannun gem a cinyarka, ka danne analog biyun da ƙarfi zuwa gefe kafin ka fara latsawa. In hannun ya tsufa, analog ɗinsa na yawo da kansa, ka aro wani don wannan aikin, in ba haka ba za ka zargi wasan a kan laifin da ba nasa ba.

Sai manyan ɗakuna masu ƙofar ƙarfe da liba. A nan ne za ka ajiye fitila. Ka ajiye ta a bakin hanyar da ka shigo, ba a tsakiyar ɗaki ba, don ta nuna maka inda ka fito in kanka ya juye. Kafin ka taɓa komai, ɗaga kyamara ka kalli sama. Yawancin amsar tana can: katakon da ya fito daga bango, bututu, dandamalin da ake kaiwa da tsalle. Ka bi da ido daga liba zuwa ƙasa, ka gano ta inda ake hawa, sannan ka fara. In ka ja liba, kar ka yi saurin motsawa, wasan yakan juya kyamara ya nuna maka ƙofar da ta buɗe ko abin da ya motsa. Wanda ya ƙifta a nan sai ya yi ta zagaye ɗaki yana neman abin da aka riga aka nuna masa.

In ka tarar da hanya a toshe ga kuma gangar albarushi a kusa, an ba ka amsa. Ka tabbata gangar na jikin abin da ya toshe, ka ja baya sosai, ka harbe ta. Ka ja baya fiye da yadda kake ganin ya isa, wurin matsattse ne.

Wanda ya fi kowanne cin lokaci, kuma ya fi kowanne daɗi in ka fahimce shi, shi ne majigin ƙofa. Wasu mafitar a kulle suke, a gabansu an kafa wata na'ura mai haska hotuna a jikin ƙofar. Irin wannan majigin na gilashi da fitila tun ƙarni na 17 ake amfani da shi a Turai, don haka bai saɓa wa zamanin wasan ba. Aikinka shi ne ka jera alamomin da yake haskawa, kowace a gurbinta, sama da ƙasa da dama da hagu, sai ƙofa ta buɗe.

Kar ka fara da na'urar. Ka fara da neman rubutun da ke kusa, ganin mikiya zai nuna maka shi. In ka bincika shi zai shiga kundin bayanan wasan, ka buɗe ka karanta a can. Rubutun da Turancin da ne, irin na 'yan ƙungiyar, mai dogayen jimloli da kewaye-kewaye, kuma ba sai ka fahimci kowace kalma ba. Abu biyu kake nema. Na ɗaya, sunayen abubuwan da ke da hoto a majigin, ko abin da ke nuni gare su, kamar a yi maganar adalci alhali akwai hoton sikeli, ko a yi maganar duniya alhali akwai hoton ƙwallonta. Na biyu, duk kalmar da ke nuna wuri ko jeri: gabas, yamma, farko, ƙarshe, fitowar rana. Ka ɗauki biro ka rubuta su a takarda yadda suka zo a jere. Sannan ka koma na'urar, ka daidaita hasken ya zauna sosai a kan ƙofar, ka sa alamar da ka fi tabbata da ita a gurbinta, ka gina sauran a kanta. In ka tabbatar da biyu, sauran biyun musanya ɗaya ce tsakaninka da buɗewa. Amsoshin suna nan birjik a intanet, ba zan ce kar ka duba ba, amma ka gwada ko sau ɗaya da kanka. A duk ramin, nan ne kaɗai ake tambayar kanka ba ƙafarka ba.

In ka ga ƙofa, fita

Wannan matakin ne ake raina wa, shi ne kuma ke ƙona rai. Ganin matakala da ƙofa bai isa ba. Ka je jikinta ka buɗe, ka jira saƙon da ke nuna an gano sabuwar mafita, ka fita sama. Lodin zai ɗan ci lokaci, ka haƙura. Kana fita ka buɗe taswirar gari ka ga alamar ta bayyana, sannan ka juya ka koma ta wannan ƙofar. Riba biyu ka ci: ka tabbatar an ajiye maka, kuma ka ga da idonka unguwar da ƙofar take, wanda zai taimake ka ranar da kake neman mafi kusa da aiki.

Wace za ka fara nema

In ba ka da niyyar buɗe duka, kar ka ɓata ƙarfi a kan na tsakiyar gari. King's Chapel da makwabtanta kusa suke da juna, da ƙafa ma ba nisa. Ƙofar da ke da daraja ita ce wadda ke nesa da kowace. Boston ta wancan zamanin kusan tsibiri ce, siririyar ƙasa ce ta haɗa ta da tudu ta kudu, don haka garin dogo ne. Ka nemi ƙarshensa biyu: ta ƙofar gari a kudu, da na arewa wajen Old North Church, cocin da aka rataya fitilu a hasumiyarsa daren 18 ga Afrilu 1775 don sanar da motsin sojojin Ingila. Bayan su ka nemi Beacon Hill da Fort Hill, yamma da gabas ke nan. Da waɗannan huɗu ka riƙe kusurwoyin gari, sauran ƙari ne.

Ka kuma lissafa da wuraren da ake samu ba ta rami ba. Teburin shugaban tashar jiragen ruwa wurin sauka ne, hanyoyin fita zuwa daji ma haka, kuma duk sansanin soja da ka ƙwace yana zama wurin sauka. Unguwar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba ta gaggawar rami.

New York sai labari ya kai 1776 kake isa, kuma ba ta sakar maka jiki sosai sai bayan babi na 8. A lokacin ka riga ka ƙware, dabarun ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne garin. Gobarar Satumba 1776 ta cinye yammacinsa, har da cocin Trinity, St. Paul's Chapel kuwa ta tsira, tana kuma cikin bakunan ramin. Kangon unguwar da ta ƙone yana da wuyar bi ta sama, rufin ya zube, don haka mafita a wannan ɓangaren ta fi ta Boston amfani. Arewacin garin kuma gonaki ne masu faɗi, babu gine-ginen da za ka bi, ƙofofin can su ne farkon abin nema. Can gaba a babi na 11 labarin da kansa zai sake saukar da kai ƙasan New York a kan hanyar sansanin soja na Fort George, wanda ya saba da ramin ba zai ji baƙunta ba.

Amfani da su bayan ka buɗe

Ba sai ka je bakin rami ba kafin ka yi tafiyar. Daga duk inda kake, ka buɗe taswira, ka kai kan alamar ƙofar, ka zaɓa. In ka ja taswirar baya za ka ga yankunan duka, Boston da New York da daji da gidan Davenport inda Connor ke zaune, ka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Sharaɗin shi ne kar a kasance ana faɗa da kai ko ana bin ka, wasu ayyukan labari kuma sukan rufe tafiyar har sai ka kammala su. In ka danna ta ƙi, ka duba ƙaramar taswira tukuna, wataƙila wani soja ne bai gama nemanka ba. Ka faɗa keken ciyawa ko ka zauna a benci tsakanin mutum biyu har alamar ta huce, sannan ka sake gwadawa.

Ka saba da duba taswira kafin kowane aiki, ba bayan ka fara gudu ba. Ka ɗora alama a kan inda za ka, ka dubi ƙofar da ta fi kusa da shi, ka kwatanta da nisan da ke tsakaninku yanzu. In tazarar 'yar kaɗan ce, tafi da ƙafa, lodin zai ci abin da ka so ka tara, musamman a PlayStation 3 da Xbox 360. In kuwa aikin na wani ƙarshen gari ne, ko kanka da zafi ga shingayen soja a hanya, sauka ta ƙofar da ke bayan wurin, ka ɓullo musu ta inda ba su sa gadi ba.